Ƙofar Da Manaja Ya Cire

Akwai wani bene a bakin wata babbar hanya, ƙasansa ƙaton zaure ne, samansa kuma ofisoshi ne a jere. Labarinsa na kawo muku yau, kuma tun yanzu ina gaya muku, ni mai rubutawa ma raina a ɓace yake.

A ofis na ƙarshe, can ƙuryar sama, akwai wata mata da kowa yake kira Likitar Kunne. Aikinta gwada jin mutane.

A cikin ofishinta akwai wani ɗan ɗaki da bai fi banɗaki girma ba, an liƙe bangonsa da soso, an shimfiɗa masa kafet mai kauri. Mutum zai shiga ya zauna, ta sa masa abin sauraro a kunnuwansa biyu. Ita kuma sai ta fito ta zauna a bayan wata 'yar tagar gilashi, ta riƙa aika masa da siririn sauti ta na'ura. In ya ji, ya ɗaga hannu. Ta rage sautin, ya sake ɗagawa. Haka za ta yi ta ragewa har a kai inda kunnensa ya gaza. Da haka take gane kunnen da yake lafiya da wanda ya fara tafiya.

Kun ga ke nan jarin wannan baiwar Allah shiru ne. Tela in an ɗauke wuta zai koma keken ƙafa, amma ita in aka ɗauke mata shiru, aiki ya tsaya cak.

Wanda ya gina benen mutum ne mai tunani. A gindin matakala ya sa wata ƙofa mai kauri, sai an sa kafaɗa ake tura ta, gefenta duk roba, kuma ita take rufe kanta. Bangon zauren ya bi shi da allunan soso da aka lulluɓe da yadi. Ba su da kyan gani, gaskiya, launinsu ma ya koɗe. Amma shekara da shekaru ana sayar da kujeru a ƙasa, ana ciniki ana musu, na sama ba su taɓa sanin ana yi ba.

Sai mai kujeru ya tashi, wani mutum ya kama zauren.

Wannan mutumin irin masu son a san sun iso ne. Shi ya raɗa wa kansa suna Manaja, kuma in ka kira shi daga baya ko waiwayowa ba ya yi, sai ka zagayo gabansa. Kowa ya ce girman kai ne, kuma ba a yi masa ƙarya ba, yana da shi har ya yi masa yawa.

Ya mai da zauren wurin cin abinci da kallon ƙwallo. Abu na farko da ya yi, ya sa aka ɓamɓare allunan soson nan tas, wai sun yi kama da tsummokara. Aka manna tayil da gilashi, bango ya riƙa walƙiya. Na biyu, ya sa aka cire ƙofar matakala, wai tana tare wa baƙi ganin fitilun da ya jera. Aka jingine ta a bayan gini kusa da janareta, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta.

Na uku kuwa shi ne tsiyar. Ya sayo lasifikoki, ya ɗauki mafi girmansu ya girke ta a ƙarƙashin matakala, bakinta yana kallon sama.

Ranar da aka buɗe wurin, Likita tana gwada wani tsohon malamin makaranta. Ta ga tsoho ya ɗaga hannu bai sauke ba, alhali ba ta ma aika masa da komai ba tukuna. Da ta buɗe ƙofa ta tambaye shi, sai ya ce ai 'yata, tun da na zauna nake jin ganga.

Ta duba kofin ruwan da ke kan teburinta, ta ga ruwan yana rawa.

Ta ba tsoho haƙuri, ta sauka. Ba da faɗa ta je ba. Ta yi wa Manaja murnar sabon wuri, ta yi masa fatan alheri, sannan ta yi masa bayanin irin aikinta. Duk wannan da ihu ta yi shi, don ko muryar kanta ba ta ji. Shi kuwa ya tsaya ya zuba hannu a aljihu, ya ƙura wa bakinta ido.

Da ta gama sai ya ce, “Ni ban ji wata ƙara ba, Hajiya. Wannan ai a hankali ma aka sa.”

Ta hau sama tana jin zuciyarta tana tafasa. A ganinta babu rainin hankalin da ya kai wannan, a ce gini yana girgiza, mutum ya kalli tsabar idonka ya ce bai ji komai ba.

Duk da haka ta sake komawa, ta kuma sake komawa. Ta roƙe shi ya mayar da ƙofar kawai, ya ce ƙofa ta tafi ke nan. Ta ce to a matsar da lasifikar daga gindin matakala, ya ce nan ta fi kyau. Ta ce to a rage da rana, lokacin da take ganin mutane, in ta tashi ya ƙure ta yadda yake so. A nan ne ya yi mata kallon sama da ƙasa, a gaban ma'aikatansa da masu cin abinci.

Ya ce, “Hajiya, in shiru kike nema, ai akwai maƙabarta.”

Ma'aikata suka bushe da dariya, don ubangida ya yi barkwanci. Ita kuwa ta juya ta hau sama da maganar a ranta.

Ta je wurin mai ginin, wani dattijo mai sanyin hali da ba ya son abin da zai ɗaga masa hankali. Ya saurare ta, ya gyaɗa kai, ya ce a yi haƙuri a zauna lafiya, zai yi magana. Maganar da bai taɓa yi ba ke nan, don tsoro yake kada babban ɗan haya ya yi fushi ya tashi. Irin waɗannan masu “a yi haƙuri” su suka fi ba ni haushi, domin kullum wanda aka cuta suke ba haƙuri, macucin kuma su gaishe shi da hannu biyu.

Maƙwabcinta lauya ne, ya koma ganawa da mutanensa a cikin mota. Mai zanen gidaje da ke ofis na tsakiya ya riƙa cusa auduga a kunne. Ita kuwa wace auduga za ta cusa? Ta toshe ƙasan ƙofarta da tawul, ta ƙara labule a kan labule, duk a banza. Ƙarar ta matakala take hawowa kamar hayaƙi, dukan gangar kuma ta ƙasan ƙafa yake shigowa. Ta gwada zuwa da sassafe, sai ta tarar Manaja da sassafe yake gwajin lasifika.

Mutane suka riƙa zuwa tana sallamarsu. Wata rana wata mata ta zo da ɗanta daga nesa, makaranta ta ce ba ya jin malami. Likita ta gwada, ta sake gwadawa, ta ga ba yadda za ta rabe tsakanin abin da kunnen yaron ya kasa ji da abin da kiɗan ƙasa ya rufe. Uwar ta roƙe ta, ta ce don Allah ta faɗi duk abin da ta gani kawai, sun gaji.

Likita ta ƙi. Ta san in ta ce yaro kurma ne alhali lafiyarsa ƙalau, ta cuce shi, in kuma ta ce lafiya yake alhali yana buƙatar taimako, ta fi cutarsa. Uwar ta ja ɗanta ta fita tana cewa ashe wurin ma na wasa ne.

Ranar nan Likita ta kulle ƙofa ta yi kuka, kukan baƙin ciki, ga kiɗa yana tashi a ƙarƙashinta kamar ana yi mata gwalo.

Lauya ne ya ga abin ya ishe shi, ya ce bari ya yi dabara. Ya jira har Manaja ya fita, ya sauka wurin Dogo, mutumin da ke kula da kiɗa, ya ce masa Manaja ya bugo waya ya ce a rage. Dogo ya rage. Benen ya samu ya numfasa na ɗan lokaci.

Da Manaja ya dawo ya gane abin da aka yi, sai ya tara ma'aikata a gindin matakala, ya ɗaga murya yadda na sama za su ji da kyau.

Ya ce, “Daga yau, duk wanda ya sauko daga sama ya ce a rage, kada a rage. Ko ya ce ni na aiko shi. Ko matata ce ta zo da wayata a hannunta. Wanda ya taɓa, a bakin aikinsa.”

Dogo ya ce ya ji, ya kuma rantse ba za a sake ba. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Likita tana tsaye a saman matakala a lokacin, kuma a ranar ta lura da wani abu. Wayar Manaja tana ta ƙara a aljihun rigarsa, da yake ba a ƙara kiɗan ba tukuna, ita daga sama tana jin siririn kukanta, shi kuwa bai ko motsa ba sai da Dogo ya nuna masa da yatsa. Nan take abubuwa suka haɗu a kanta: yadda yake ƙura wa baki ido in ana magana, yadda ba ya waiwaye in an kira shi, da kuma cewar da ya yi bai ji wata ƙara ba. Ashe a wannan ɗaya dai ba ƙarya ya yi ba. Shekarun da ya yi yana tsayawa a gaban lasifika sun cinye masa kunne, shi ya sa kullum yake ƙarawa.

Ta sauka ta tsaya a gabansa ta ce masa kunnensa ya fara tafiya, ya hau ta gwada shi tun bai ƙarasa ba. Gaskiya ta faɗa, amma ba zan ɓoye muku ba, da fushi ta faɗe ta, kuma a gaban mutane.

Manaja ya ce au, kurma take ce masa? Ya juya ya yi wa Dogo alama da hannu, Dogo ya ƙara murɗawa.

Daga nan ta sallama. Ta sayo kwalaye ta fara haɗa kaya. Abin da ya fi ci mata rai, ɗakin gwajin a jikin bango aka gina shi, ba ya ɗaukuwa. Tashi daga nan yana nufin ta rufe aikin da ta yi shekaru tana ginawa, ta koma farawa daga tushe, a inda ita ma ba ta sani ba tukuna. Duk saboda mutum ɗaya yana son a ga fitilun matakalarsa.

Tana cikin naɗe wayoyin na'ura wata rana da rana, sai aka yi sallama. Wata mata ce ta shigo riƙe da hannun wata 'yar yarinya sanye da kayan makaranta. Yarinyar kanta a sunkuye, a kumatunta kuwa shatin yatsu ne kwance, bai ma gama sauka ba.

Likita ta ce su yi haƙuri, ta daina aiki a nan. Matar ta ce ta sani, ta kuma san dalili, domin ita ce matar Manaja, wannan kuma Autarsu ce.

Likita ta ajiye wayar da ke hannunta. Ba ta ce su zauna ba.

Matar ta yi bayani a tsaye. Ta ce an daɗe maigidan yana ƙorafi cewa Auta ta lalace, ba ta gaisuwa, in ya yi mata magana sai dai ta motsa baki kamar mai zaginsa a ciki. Alhali yarinya ce mai siririyar murya, kuma kullum tana gaishe shi. Yau da safe a gabanta Auta ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe shi, ta sake maimaitawa, yana ɗaure takalmi bai ɗago ba. Da ya ɗago ya gan ta, sai ya ce don me za ta tsaya masa a ka ƙiƙam ba gaisuwa, ya kwashe ta da mari.

Ta ce yanzu yarinyar in ta ji motarsa sai ta shige bayan labule. Ta ce ta gaya masa ko dai ya hau wannan matakalar a gwada shi, ko ta kwashi 'yarta ta tafi gidan iyayenta. Ta ce yana nan tsaye a baranda.

Jama'a, amsar tana kan harshen Likita. Ta daɗe tana ajiye da ita. Cewa kawai za ta yi a gaya masa in gwaji yake so ai sai da shiru, shiru kuwa ya san inda ya ce a same shi. Har ta buɗe baki. Ta tuna tsohon malami, ta tuna matar da ta ja ɗanta ta fita, ta tuna dariyar ma'aikata, ta ji wallahi in ta faɗa ba ta yi laifi ba.

Sai idonta ya sake sauka a kan kumatun Auta.

Ta ce, “Ya shigo.”

Manaja ya shigo yana hura hanci, ko sallamar kirki bai yi ba. Ya ce a yi a gama, yana da aiki, ya zo ne kawai ya nuna wa mata cewa lafiyarsa ƙalau. Likita ta fito da na'ura daga kwali, ta jona, ta zaunar da shi a ɗan ɗakin, ta sa masa abin sauraro, ta gaya masa abin da zai yi, ta rufe ƙofa.

Ta tagar gilashi ta ga ya kalli ƙasa. Karo na farko ke nan da ya ji yadda gangar lasifikarsa take dukan tafin ƙafa a sama.

Ta aika da sauti, bai ɗaga hannu ba. Ta daina aikawa, sai ya ɗaga. Ta sake, ya ɗaga a makare, ya sauke, ya sake ɗagawa kamar mai korar ƙuda. Ta kashe na'ura ta buɗe ƙofa, ta tsaya inda zai ga bakinta.

Ta ce, “Ba zai yiwu ba, Manaja. Ƙarar ƙasa ta rufe komai. Haka nake sallamar mutane kullum.”

Ya ce wannan ai ƙaramin abu ne. Ya zaro waya ya kira Dogo. Waya ta yi ta kuka har ta katse. Ya sake kira, haka. Wa zai ji kukan waya a cikin wannan zauren? Ya kira mai karɓar kuɗi, shi ma bai ɗauka ba. Sai ya miƙa wa matarsa wayar, ya ce ta sauka ta nuna wa Dogo, ta ce shi ya ce a kashe.

Matar ta sauka. Suna zaune suna jira, maimakon kiɗa ya mutu, sai suka ji ya ƙara tashi. Kofin da ke kan tebur ya soma kaɗawa.

Ta dawo tana haki, ta miƙa masa wayarsa. Ta ce Dogo ya ce a gaishe da Oga, a gaya masa ya gane jarrabawa ce ake yi masa, kuma ba zai faɗi ba. Ya ce Oga da bakinsa ya ce ko matarsa ce ta zo da waya a hannu kada a rage. Har ya ɗan ƙara, don Oga ya san yana da amana.

Likita ta juya ta kalli bango. Dariya ce ta taso mata, amma irin mai ɗacin nan.

Manaja ya fizge abin sauraron ya fita. Ya tsaya a saman matakala yana ƙwala wa Dogo kira har jijiyar wuyansa ta tashi, babu wanda ya ko ɗago. A daidai inda Likita take tsayawa ya tsaya, kuma abin da take samu shi ya samu. Dole ya sauka da ƙafarsa, ya ratsa tsakanin tebura, ya fizge wayar wuta daga bango.

Kiɗa ya mutu. Lauya ya leƙo daga ofishinsa, mai zane ya zare auduga.

Manaja ya hawo yana gumi ya koma kujera. Likita ta saurara, ta girgiza kai. Kiɗa ya tafi, amma surutun masu cin abinci da ƙarar faranti da jan kujeru duk suna dukan tayil da gilashi suna hawowa ta matakala. Ta ce masa har yanzu da saura, kuma abin da yake tare wannan yana can jingine kusa da janareta.

Ya buɗe baki zai yi masifa, sai ya ga Auta ta maƙale a bayan uwarta tana leƙensa da ido ɗaya. Ya rufe bakin.

Mutanen zauren sun ga abin da ba su taɓa gani ba a ranar. Manaja da kansa, da Dogo, da mai gadi, sun kinkimo tsohuwar ƙofar nan duk ƙura da tsatsa, suna nishi, suka tsayar da ita a mazauninta suka tokare ta. Farar rigarsa ta koma kalar ƙasa.

Sama ta yi tsit, irin shirun da Likita ta manta yadda yake.

Ta fara gwaji. Da sauti mai kauri ya ɗaga hannu daidai, har ya kalli matarsa ta gilashi yana murmushin na gaya muku. Da aka zo kan siririn sauti, hannunsa ya zauna a kan gwiwa. Ta ƙara ƙarfi, hannu bai motsa ba. Ta sake ƙarawa. Yana zaune yana jira a fara, bai san an daɗe da farawa ba. Ta koma ɗaya kunnen, haka. Matarsa ta sa bakin mayafi ta rufe fuska.

Likita ta gaya masa gaskiya ba tare da ta ƙara gishiri ba, kuma a wannan karon ba da fushi ba. Ta ce siraran sautuka sun tafi a kunnuwansa biyu, irin kukan tsuntsu, da kukan waya, da muryar ƙananan yara. Ta ce abin da ƙara ta cinye ba ya dawowa. Akwai na'urar da zai riƙa sawa ta taimaka masa, kuma abin da ya rage ana iya tsare shi, in ya so.

Sai ya ce, da ɗan sauran taurin kan da ya rage masa, wataƙila dai na'urarta ce ta samu matsala a cikin kwali.

Likita ba ta yi musu ba. Ta mayar masa da abin sauraron, ta rufe ƙofa. Akwai makirufo a teburinta wanda take yi wa na ciki magana da shi. Ta ɗaga ƙarfinsa daidai inda kunnensa zai kama, ta yafito Auta. Yarinyar ta noƙe. Likita ta durƙusa ta ce mata kada ta ji tsoro, akwai gilashi a tsakani, ta faɗi duk abin da take so da muryarta ta kullum.

Auta ta matso, ta yi ɗage, ta kai baki.

Ta ce, “Abba, ina wuni.”

Manaja ya zabura kamar an taɓa shi da wuta. Ya juyo ya kalli gilashi. Ya manta rabon da ya ji wannan muryar.

Yarinyar ta ga ya ji, sai idonta ya cika. Ta ce, “Da safe ma na gaishe ka. Kullum ina gaishe ka.”

Ya ɗaga hannun dama, wanda ya yi marin da shi, ya kalle shi, ya kifa fuskarsa a ciki. Ɗakin ba ya fitar da sauti, don haka babu wanda ya ji kukansa, kafaɗunsa kawai suka gani suna rawa.

Ba a daɗe ba aka kira kafinta ya kafa ƙofar da kyau, aka sa mata sabuwar roba. Aka mayar da allunan soso a bango, aka ɗauke lasifikar daga gindin matakala. Ranar da Manaja ya fara sa na'urar ji ya shiga zaurensa, Dogo ya kunna kiɗa yadda aka saba, sai ga Oga ya toshe kunnuwa da hannu biyu yana tambaya ko haka mutane suke ji dama. Dogo ya ce ai wannan a hankali ma aka sa.

Likita ta kwance kwalayenta. Manaja ya hau ya ba ta haƙuri a tsaye, kansa a ƙasa, ta ce ta yafe abin da ya yi mata. Amma ta gaya masa matar nan da ta zo da ɗanta daga nesa ba ta sake dawowa ba, kuma har yau ba ta san ko yaron ya samu wanda ya duba shi ba. Wannan, in ji ta, ba nata ba ne balle ta yafe.

Jinsa kuwa bai dawo ba. Auta ma ta daɗe kafin ta daina shiga bayan labule. Yanzu tana gaishe shi kowace safiya, amma ba daga bakin ƙofa ba. Sai ta zo ta taɓa hannunsa, ta jira ya ɗago ya kalli bakinta, sannan ta yi magana. In ta ga ya manta bai sa na'urar ba, takan ja da baya kaɗan tukuna.

Darasi: In maƙwabcinka ya ce kana cutar da shi, kada ka auna maganarsa da abin da kai kake ji. Wataƙila kai ne ka daina ji. Wanda ya toshe hanyar da koken mutane zai iso gare shi, ranar da nasa koken ya tashi zai tarar da hanyar a toshe, kuma tun kafin ranar na cikin gidansa sun riga sun ɗanɗana. Ke kuma da aka cuta, in damar ramawa ta zo, duba wa zai sha wahalar ramuwar kafin ki buɗe baki. Ku tura wannan labarin ga duk wanda kuke zaune gini ɗaya da shi, musamman mai lasifika.